Kazar da Ta Fi Ƙarfin Akurki

Inna, kakarmu ta wajen uba, ba ta yarda da tatsuniya bayan an ci tuwo ba. Cewa take yi yaron da ya ƙoshi kunnensa toshewa yake. Saboda haka lokacinmu ɗan kaɗan ne, daga an idar da sallar magariba zuwa a sauke tukunya. A rumfar girki muke taruwa, a gidanmu na wani ƙauye da ke ƙasar Gwaram. Tuwo na sulala a kan murhu, ita kuma tana zaune a kan tsohon turmin da ta kwantar, tana juya sabuwar masara a bakin garwashi in damina ce. Akurkinta na bayan rumfar. Kajin sun riga sun shige, amma ana jin 'yar rigimar wurin kwana da ba sa rasa yi kowane maraice.

Mu ma muna da namu tsarin zama, ko da yake ba wanda ya taɓa faɗinsa da baki. Ni Zulai ni ce babba a jikokin da ke gidan, shekarata goma sha ɗaya a lokacin da nake ba da labari. Wurina jikin ƙafar Inna ta dama, inda hayaƙi ba ya zuwa. Ƙannena uku suna biye da ni bisa girma. Masarar da ta fara gasuwa hannuna take zuwa, ni nake karyawa in raba. Kwanon tuwo ma ni ke fara sa hannu, in akwai nama ni ke cewa wannan na wane ne. Ban taɓa ganin wani abu a cikin haka ba. Haka na tashi na tarar, kuma ya yi mini daidai.

A wannan shekarar aka kawo Saude. 'Yar Baffa Sani ce, autan Inna, wanda ya rasu da rani bayan gajeriyar jinya. Ita kaɗai ya bari. Da mahaifiyarta ta gama takaba za ta koma gidansu a Wurno, Inna ta roƙi a bar mata yarinyar, aka bar mata ba don ran dangin uwar ya so ba. Shekararta bakwai, siririya, gashinta ba ya kitsuwa, kwana biyu da kitso sai ya mimmiƙe tsaye. Ni na sa mata suna Fingi, sunan irin kajin nan da gashinsu ke juyewa sama kamar an tsamo su daga ruwa. Ƙannena suka yi dariya, sunan ya bi ta.

Ban taɓa dukanta ba, wannan kam zan iya rantsewa. Abin da nake yi ƙanana ne. Wurin zamanta can bakin rumfa, inda feshin ruwa ke shigowa. Rabonta na masara ɗan tsinin nan ne da ƙwayoyinsa ba su cika ba. In ta miƙo hannu cikin kwano sai in dube ta kawai, ta janye, ta jira mu gama. In ta buɗe baki za ta yi magana sai in maimaita abin da ta faɗa da muryarta, a kwashe da dariya. Cikin wata biyu ta daina magana gaba ɗaya, ci ma sai Inna ta tsare ta. Manya suka ce maraici ne, za ta saba.

Kawunta bai ce haka ba. Ya zo daga Wurno a kan babur wata Juma'a, ya kama hannun Saude ya zagaye tsintsiyar hannun da yatsu biyu, ya saki. Ina bayan rumbu ina jin su.

"Inna, ba raini ba ne," in ji shi, "amma ba haka muka ba ki ita ba. Zan dawo in an yanke gero. In na same ta a haka, da ita zan tafi, kuma don Allah kada ki ga laifina."

Inna ta ce, "Allah ya kai mu."

Iyakar abin da ta ce ke nan. Da ya tafi ta daɗe tsaye a bakin akurki tana kallon kajinta suna kiwo. Kowa a gidan ya san in aka tafi da Saude, Inna ba ta da sauran abin da za ta kalla ta tuna ɗanta. Ni ma na sani. Sai dai ban ga inda maganar ta shafe ni ba.

Kwana uku bayan haka, ana yayyafi, Inna ta ba mu tatsuniyar da ba mu taɓa ji ba, ba ta kuma sake bayarwa ba. Tana da yadda take buɗewa, nata ita kaɗai.

"Ga ta nan tafe da kayanta, ku matsa mata."

Mu kuma mu ce, "Ta iso, mun share mata wuri."

Wai wata tsohuwa ce take da kaji cike da akurki. Babbarsu sunanta Wake-wake, saboda zanen baƙi da fari da ke jikinta. Kaza ce mai kyau, ƙirjinta a cike, tafiyarta a hankali. In an watsa tsaba ita ke fara ci, in an zuba ruwa ita ke fara sha, in magariba ta yi ita ke hawa itacen sama. Ba ta ma bukatar faɗa. Wuyanta kawai za ta miƙe, sauran su ja baya. Rannan sai aka kawo wa tsohuwa wata 'yar fingi daga wani gari. Wake-wake ta dube ta sama da ƙasa, ta ce, "Ke kuwa wace iska ce ta tsefe ki?" Ta kai mata sara ɗaya a ƙeya, don ta san gidan da ta shigo. Da sauran kaji suka ga babba ta sara, kowacce ta zo ta ajiye nata.

Inna ta iya kwaikwayon kaji. Ta karkace kai, ta lumshe ido ɗaya, ta yi muryar Wake-wake a maƙogwaro, mu kuwa har da faɗuwa. Na waiga na kalli Saude a bakin rumfa don in tabbatar ta gane da wa ake. Kanta na ƙasa, tana murza ɗan tsinin masararta.

Tsohuwa dai ta yi ta kallo, in ji Inna, kwana da kwanaki. Rannan da safe ta tsaya ta riƙe ƙugu, ta dubi Wake-wake ta ce, "Kai, wannan kaza ta fi ƙarfin akurki." Ta ɗauko sabon kwando, babba, ta kai bayan ɗaki inda yake da inuwa, ta share wurin, ta kife Wake-wake a ciki ita kaɗai. Ta kawo mata gero tsantsa, ba dusa ba. Ta haƙo mata gara. Ta zuba mata ruwa a sabon kasko. Wake-wake ta ci ta ƙoshi, ta baza fukafukai, ta ce, "Duk akurkin nan wa aka taɓa gina wa ɗaki in ba ni ba?"

Sai Inna ta karkaɗe zanenta ta ce, "Nan ta sauke kayanta. A miƙo mini mara in kwashe tuwo."

Muka yi ca. "Inna, sai me? Fingin fa? Ba ta ƙare ba!"

"Ta ƙare mana. Ku tatsuniya sai an kashe wani a ciki sannan ku yarda ta ƙare?"

Ni dai ta yi mini daɗi ƙwarai. Na jingina da ƙafarta na ce, "Inna, ni ce Wake-wake, ko?"

Ta dube ni ta ce, "Ke ce kuwa, ƙawata. Ba wata."

Ran kasuwa ta dawo da sabuwar atamfa, aka ɗinka mini riga da zane, ba salla ba ba biki ba. Ta kira babana ta ce masa a gabana, Zulai ta fi ƙarfin ƙauye, tunda an yi hutun makaranta a kai ta Birnin Kudu wajen Gwaggo Mairo ta ga gari. Ranar tafiya na fito da sabon ɗinki, na zagaya gida ɗaki ɗaki ina sallama don kowa ya gani. Na ce wa ƙannena kada wanda ya zauna mini a wuri. Saude ko kallonta ban yi ba.

Sati biyar na yi a gidan Gwaggo Mairo, ƙanwar babana. Mijinta ma'aikaci ne a babban asibiti, 'ya'yansu duk sun girma sun bar gida. An riƙe ni da kyau, ba ni da abin cewa. Shinkafa da wake da rana, taliya, shayi da burodi da safe, talabijin in an kawo wuta. Kwanona daban, katifata daban. Babu wanda ya takura mini, babu kuma wanda zan takura wa. In an ba ni nama sai in riƙe shi ina juyawa, ba wanda zan ce wa jira. Wani lokaci da yamma kewa takan kama ni, in rasa ta mece ce, sai in tuna ni kaɗai aka zaɓa aka kawo birni, in ji sanyi a raina.

Na koma gida ana gab da yankan gero, da ledar biskit da labarai cike da baki. Da magariba na shiga rumfa na tarar da Saude a jikin ƙafar Inna ta dama. Ba ta yi wata ƙiba ba, amma kumatunta sun ɗan fito, kuma magana take yi. Labarin wata kaza take bayarwa da ta ƙi kwanci a kan ƙwan zabi, ƙannena sun zuba mata ido. Ashe tun tafiyata Inna ta damƙa mata kajin, ita ke buɗe akurki da safe, ita ke ƙirga su da yamma. Masara ta gasu, Inna ta karya da kanta ta miƙa wa kowa.

Na tsaya a kanta na ce, "Fingi, tashi mini."

Ba wanda ya yi dariya. Ƙaramin cikinmu, wanda ko wando bai iya ɗaurewa ba, ya ɗago kai ya ce, "Sunanta Saude."

Na dubi Inna. Tana ta fifita garwashi kamar ba ta ji ba. Can ta ce, "'Yar birni, ga wuri nan ta hagu, ki zauna ki ba mu labarin mota." Ta hagu nan ne hayaƙi ke bi. Na zauna, idona na ruwa, na ce hayaƙi ne. Haushi na ji, ba kaɗan ba, amma na ɗauka abin da tafiya ke jawowa ke nan, ka bar wuri wani ya zauna. Bayan 'yan kwanaki na saba. Muka koma cin tuwo ba mai kallon hannun wani.

Kawun Saude ya zo kamar yadda ya ce. Ya same ta a tsakar gida tana watsa wa kaji tsaba tana yi musu faɗa da sunayensu. Ya zauna ya sha fura, ya yi hira da babana a kan damina, bai ko ɗauko maganar ba. Da zai tafi Inna ta sa aka ɗaure masa zakara a bayan babur. Saude ta zauna a gidanmu har aurenta, kuma a hannunta Inna ta cika.

Yanzu a Birnin Kudu nake aure, ina koyarwa a firamare. Muna da kaji biyar a bayan gida, na yara ne, ba na yanka ba. Kowacce da sunanta, maigidan ma ya gaji da tsokanar cewa muna ciyar da miya tana yawo. Babbarsu wata ja ce mai faɗin ƙirji da yaran suke kira Hajiya. Ni ban taɓa damuwa da sha'anin kaji ba, tun ina yarinya ina ganin aikin ƙanana ne. Abin da na sani a kansu bai wuce tatsuniyar nan ba.

Bara Saude ta aiko wa 'yata Ummi da wata budurwar kaza daga ƙauye, jikar jikokin kajin Inna. Ummi ta sa mata suna 'Yar Gwaram, ta ɗauki son duniya ta ɗora mata. Tun ranar farko Hajiya ta sa ta a gaba. Ba ta barinta ta kusanci tsaba, ba ta barinta ta sha ruwa, da magariba ta koro ta daga akurki. Sauran kajin suka bi sahu. Cikin kwana huɗu ƙeyarta ta zama fata zalla.

Sai na tuna da Inna. Na ce ai kaza mai daraja kwando ake samar mata. Na sayo kwando, na kife 'Yar Gwaram a inuwa, gero da ruwa, har sati guda. Ta murmure, gashi ya fara tsirowa. Na sake ta da safe na tafi makaranta ina jin na iya. Da na dawo na tarar da Ummi zaune a ƙasa da kazar a cinya, wuyan duk jini, ido ɗaya a rufe. Abin ya fi na da muni. Ummi ta ƙi cin abinci, tana ta tambayata ko mutuwa za ta yi.

Na kira Saude a waya bayan la'asar. Na zayyana mata komai, har da kwandon, ina jiran ta ce na yi daidai, kazar ce ba ta da sa'a.

Ta ce, "Tsaya, Yaya Zulai. Wa kika kife?"

"'Yar Gwaram mana. Ita ake sara."

Sai na ji ta tuntsire da dariya, irin wadda har sai da ta yi tari. "Haba Yaya! Ai ba wadda ake sara ake kifewa ba. Kin ɗauke ta sati guda, kin mayar da ita baƙuwa sabuwa, ga Hajiya na nan da sarautarta. Mai saran ake ɗaukewa. A kai ta inda ba ta ganinsu ba sa ganinta, kwana goma ko fi. Kafin ta fito sauran sun saba da baƙuwar, sun kuma manta da tsoronta. In ta dawo ita ce za ta nemi wuri."

Ta ce in wanke ciwon da ruwan gishiri, in shafa shuni a kai, don kaza in ta ga ja ba ta iya haƙuri. Ina ta cewa to, to, amma hankalina ba ya wurin.

Na ce, "Amma a tatsuniyar Inna, Wake-wake aka kife, saboda ta fi sauran..."

"Me tsohuwar ta ce da za ta kife ta?"

"Ta ce ta fi ƙarfin akurki."

"To."

Ina jin kukan awakinta ta cikin wayar. Can ta ce, a hankali, ba dariya yanzu, "Yaya, wai da gaske ba ki sani ba? Duk shekarun nan? Sati nawa kika yi a gidan Gwaggo Mairo?"

Kunya ce ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji ba tun da nake. Ina tsaye a tsakar gidana, da 'ya'ya uku, ina koyar da 'ya'yan mutane, sai ga shi wata tsohuwa da ta daɗe a ƙasa ta gama ba ni tatsuniyar da ta fara tun ina 'yar sha ɗaya. Na tuna atamfar, da yadda na bi ɗaki ɗaki ina nuna ta. Na tuna tsinin masara.

Na ce, "Saude, ki yafe mini."

"Wai! Tun yaushe? Ni fa na ɗauka kin gane tun ranar da kika dawo, shi ya sa ban taɓa tayar da maganar ba." Ta ƙara da cewa, "Kuma kada ki ce Inna ba ta damu ba. Kullum aka yi magariba sai ta tambaye ni kwana nawa ya rage ki dawo. Ni nake ƙirga mata, tare da kajin."

Na sha tunanin dalilin da ya sa Inna ba ta kira ni ta yi mini faɗa kawai ba, ko ta tsinka mini mari, wanda na san na cancanta. Ina jin ta san halina. Da ta yi haka, da na daina a gabanta na ci gaba a bayan rumbu, ƙannena kuma da suna nan suna kallon idona kafin su yi dariya. Ba ni kaɗai take son gyarawa ba, zaman gaba ɗaya take son sakewa, kuma ba zai saku ina ciki ba. Ta kuwa yi shi ba tare da ta kunyata ni a gaban kowa ba. Abin da ban sani ba har yau shi ne ko ta so in gane daga baya, ko ta fi son in tafi da daɗin atamfata. Ba wanda zan tambaya.

Washegari na kama Hajiya, da ƙyar, na kai ta bayan ɗakin girki na kife. 'Yar Gwaram ta rayu, ko da yake idon nan bai sake buɗewa sosai ba. Kafin sati ya zagayo tana cin tsaba a tsakiyar sauran, ba mai kula ta.

A kwana na uku Ummi ta biyo ni bayan ɗakin, ta ga ina zuba wa Hajiya gero tsantsa a sabon kasko. Ta ɓata rai.

"Umma, ita ce fa mai laifin. Don me za a ba ta mai kyau?"

Na ce, "Ta fi ƙarfin akurki ne."

Ba ta gane ba, ta yi tafiyarta. Ni kuwa na durƙusa na leƙa ta ramukan kwandon. Hajiya ta ci ta ƙoshi, ta baza fukafukai a ƙasa, ƙirji a gaba, tana kallona da ido ɗaya, ko a jikinta. Na san abin da take faɗa wa kanta a ciki. Ni ma na faɗa wa kaina, sati biyar a gidan Gwaggo Mairo, da shekara ashirin da wani abu bayan an ɗaga kwandon.